Gidan Wa Ka Sauka? Tarihin Ƙananan Halittun Da Ake Gane Su Da Mai Masaukinsu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son karatu a natse.

Yau ma tarihi za mu taɓa, amma na wasu halittu ne ƙanana sosai, waɗanda yawancinsu ba su wuce ɗigon biro ba. Duk ƙanƙantarsu, sun shafe sama da shekara 250 suna rikita masana, sun haddasa gaba tsakanin manyan malamai, kuma har yau ba a gama ƙirga su ba.

Bari mu fara da gidan da suke zaune a ciki. Idan ka taɓa lura da jikin dutse ko ɓawon itace, musamman a wurare masu laima irin su Filato ko tsaunin Mambila, za ka ga wasu tabbai kamar makero, wasu ruwan toka, wasu rawaya, wasu kore-kore. Wani a manne yake kamar fenti, wani kamar busasshen ganye, wani kuma yana reto daga reshe kamar gemu. Wannan shi ake kira laikin. Sunan daga Girkanci ya samo asali, kuma su ma Girkawan da kalmar suke kiran wani ciwon fata, kun ga ke nan ba mu kaɗai muka ga kamarsa da makero ba. An san kusan nau'i 20,000 na laikin a duniya.

Sai kalma ta biyu, fangas. Wannan shi ne babban gidan da ya haɗa naman kaza, da fumfunar da ke fitowa a kan burodi, da yis ɗin da ake kwaɓa fanke da shi. To akwai wasu fangas da ba su da wurin zama a duniya sai a jikin laikin. Su ne baƙin da za mu ba da tarihinsu, kuma a shirin nan haka za mu riƙa kiransu, baƙi, shi kuma laikin mai masauki.

Tun farko shi kansa laikin ɗin ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin da ya tsara yadda ake raɗa wa halittu suna, a littafinsa na 1753 tattara su ya yi gaba ɗaya, kusan nau'i 80, ya zuba a dangi guda. A wurinsa su ne talakawan tsirrai. Sai ɗalibinsa Erik Acharius, wanda likita ne a garin Vadstena, ya zauna ya rarrabe su dangi-dangi, har ake kiransa uban ilimin laikin. Amma daga Linnaeus har Acharius, kowa ya ɗauka laikin tsiro ne guda ɗaya tilo, kamar yadda rama take rama.

Wannan zato shi ya ɓoye baƙin. Idan ka yarda cewa abin da ke gabanka halitta ɗaya ce, to duk abin da ka gani a jikinta za ka ce nata ne. A wajajen 1742 wani masani a Oxford mai suna Dillenius ya wallafa littafi da zanen wani laikin mai kamar gemu, wanda ake kira Usnea, kuma a zanen akwai wasu 'yan ƙulluttai a jikin rassansa. Masanan yau na ganin waɗannan ƙulluttai aikin baƙo ne. A wancan zamani kuwa ɗauka aka yi wani sashe ne na jikin laikin ɗin. Ku riƙe maganar ƙulluttan nan, za mu dawo gare su.

A shekarun 1840 wani Ba'italiye, Giuseppe De Notaris, ya ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige masu tudu a kan laikin mai kamar ganye. Ya raɗa wa abin suna Abrothallus, ya lissafa shi a matsayin sabon dangin laikin. Sai a 1852 Bafaranshe Louis René Tulasne ya duba irin waɗannan ɗige-ɗige da madubin ƙara girma, ya nuna cewa ɗigon daban, jikin da yake kai daban, wato wani ne ya sauka a gidan wani. Wani likita ɗan Sikotilan, William Lauder Lindsay, wanda aikinsa na yau da kullum kula da masu taɓin hankali ne a garin Perth, ya ɗora a kai. A 1857 ya yi dogon rubutu a kan Abrothallus kaɗai, a 1869 kuma ya jera sunayen baƙin da aka sani.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Su waɗannan baƙi, me za a kira su? Laikin ne marasa gangar jiki, ko fangas ne? Shi kansa Lindsay wasu ya kira su ƙananan laikin, wasu ƙananan fangas. Ba laifinsa ba ne, domin a lokacin ba wanda ya san mene ne laikin ɗin ma tukuna.

Amsar ta zo ne a 1867, daga bakin wani ɗan Suwizalan, Simon Schwendener. A wani taron masana ya tashi ya ce laikin halitta biyu ce a haɗe. Akwai fangas, shi ne ya gina gangar jikin da zarurrukansa. A ciki kuma akwai ƙwayoyin gansakuka, irin koren nan da ke kwanciya a kan ruwan kududdufi, su ne ke haɗa abinci da hasken rana, fangas ɗin yana ci. Har ya kwatanta su da ubangida da bayinsa.

Ai kuwa sai aka yi masa ca. William Nylander, ɗan Finlan da ke zaune a Paris, wanda a zamaninsa ba a kai shi sanin laikin ba, ya ƙi yarda har ya mutu a 1899, kuma ya ɓata da abokan aiki da dama saboda sun karɓi maganar. A Birtaniya wani limamin coci masanin laikin, James Crombie, ya mayar da abin tatsuniya, yana yi masa ba'a a rubuce. A ganinsu an wulaƙanta tsiron da suka ƙarar da rayuwarsu a kai. Sai dai madubi bai san girman malami ba. Bincike ya yi ta gaskata Schwendener, kuma daga wannan rigima ne kalmar da masana ke amfani da ita yau wajen zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin halittu ta samu gindin zama, ta hannun Jamusawa biyu, Albert Frank a 1877 da Anton de Bary a 1879. Shi ya sa a ƙa'idar yau, sunan da aka ba laikin sunan fangas ɗin da ya gina shi ne.

To kun ga yanzu lissafi ya canza. Mai masaukin fangas ne, baƙon ma fangas ne. Fangas a kan fangas, ga kuma gansakuka a tsakani tana ciyar da gida. A 1897 wani Bajamushe, Wilhelm Zopf, ya lura cewa wasu baƙin ba sa yi wa gidan wata ɓarna da ido zai gani, kamar dai sun zauna ne ana ci da su a kwano ɗaya.

Da an ce yanzu ne bincike zai kankama, amma sai baƙin suka zama 'yan bora. Masanan fangas suna ganin ai abin laikin ne, ba ruwansu. Masanan laikin kuma suna ganin ai wannan cuta ce ta ɓata musu samfuri, har akan jefar da wanda ya kamu a ɗauki mai tsabta. Mutane ƙalilan ne suka tsaya musu.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Léon Vouaux, wani fada Bafaranshe kuma malamin makaranta. Tsakanin 1912 da 1914 ya wallafa wani babban aiki kashi-kashi, inda ya tattara duk baƙin da aka sani a duniya da bayanin kowanne. A shekarar da ya kammala Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. A watan Agustan 1914 sojojin Jamus suka shiga garin Jarny da ke gabashin Faransa, suka harbe shi tare da wasu mutanen garin. Yana da shekara 44. Bayansa sai Karl von Keissler na birnin Vienna ya fitar da nasa littafin a 1930, daga nan kuma fagen ya yi tsit na kusan shekara arba'in, in ban da 'yan rubuce-rubuce nan da can.

Farfaɗowar ta zo ne a shekarun 1970. A Birtaniya David Hawksworth ya fitar da manyan ayyuka a 1979 da 1981, sannan a 1983 ya buga jagorar gane baƙin da ke ƙasarsa, wadda ta sa ko ɗan koyo zai iya gwada sa'arsa. A 1989 Georges Clauzade da Claude Roux na Faransa, tare da Paul Diederich na ƙasar Laksambag, suka fitar da jagora ta duniya baki ɗaya mai ɗauke da kusan nau'i 700. Abin dariyar shi ne da harshen Esperanto suka rubuta ta, wani ƙirƙirarren harshe da aka haɗa domin duniya ta samu yare guda. Dole masana suka riƙa lalube da ƙamus, don ba su da wani littafin kamarsa.

Daga nan lissafi ya yi ta hawa. A 2003 James Lawrey na Amurka da Diederich sun ƙirga sama da 1,500. A 2018 su biyun tare da Damien Ertz na Beljiyam suka fitar da sabon jeri mai ɗauke da 2,319. Wato cikin shekara talatin adadin ya ninka sau uku, kuma masu ƙirgar da kansu suna hasashen cewa ainihin adadin zai kai dubu uku zuwa biyar.

Yanzu mu zo kan zuciyar maganar. Da aka tara waɗannan dubbai, sai wani abu ya fito fili: sama da kashi 90 cikin 100 na baƙin nan gida ɗaya suka sani. Ko dai nau'in laikin guda, ko dangi guda. Akwai wani mai suna Xanthoriicola physciae da ke shafa wa 'yan ƙoƙunan irin wani laikin mai ruwan lemo baƙi kamar kunkunniya. Ko da wani laikin na manne da wannan a reshe ɗaya, ba ya tsallakawa. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, to waɗannan kam sun zo ke nan, ba ranar tafiya, kuma ba su da gida na biyu.

Manomi ba zai yi mamakin wannan ba. Ƙudujin da ke cin dawa da gero daban yake da wanda ke kama wake, kowanne ya san saiwar da yake nema. Me ya sa baƙin laikin suke haka? Babban dalilin da masana ke kawowa shi ne sinadari. Laikin na haɗa sinadarai ɗaruruwa waɗanda galibinsu ba a samunsu a wata halitta, wasu na kare shi daga zafin rana, wasu daga ƙwari da ƙwayoyin cuta. Kowane gida da irin katangarsa ke nan. Baƙon da ya iya jure dafin wani gida, ba lalle ya iya da na maƙwabci ba. Lawrey da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa akwai wani fangas da ke rusa sinadarin kariyar wani laikin a Amurka, kuma da zarar ya rusa, sai wani baƙon da a da ba ya iya shiga ya samu ƙofa.

Akwai kuma wani abin lura. 'Yan tsirarun da ba su zaɓen gida, galibi su ne makasa. Misali Athelia arachnoidea, wanda ke shimfiɗa farin zare kamar saƙar gizo a jikin itace a Turai, yana faɗaɗa da'ira, duk laikin da gansakukar da ya tarar sai ya kashe. Shi kuwa mai gida ɗaya yawanci a hankali yake ci, wani ɗan tabo zai yi, wani ɗan kumburi, wani ma ba za ka ga alamar komai ba sai 'ya'yansa. Hankali ma zai ba ka: wanda yake da inda zai koma shi ke iya cinna wa masauki wuta.

Wannan manne wa gida ɗaya ya ba masana hanya mai sauƙi. Abin da ya kai ɗigon biro, siffofin da za ka bambance shi da su kaɗan ne: girman ƙwayar iri, launinta, yawan ɗakunan cikinta. Don haka tambayar farko da ake yi ita ce, a kan wa aka same shi? Littattafan gane su da yawa da sunan mai masauki ake tsara su. Kamar dai yadda masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa ke kiran kauci da sunan bishiyar da ya hau, kaucin kaɗanya, kaucin ɗorawa, kaucin tsamiya. Har ta kai wani lokaci baƙon ne ke taimaka wa masana gane dangantakar masu masauki: idan baƙo mai tsananin zaɓe ya yarda ya zauna a kan laikin biyu, akwai alamar su biyun 'yan uwa ne.

Amma hanyar tana da rami. Idan da gida kaɗai kake raɗa suna, baƙo ɗaya da ya sauka gida biyu zai tashi da suna biyu. Baƙi biyar masu kama da juna kuma da suka sauka a dangi ɗaya za su tashi da suna guda. Duka biyun sun faru.

Mu koma ga ƙulluttan Dillenius. A 1934 wani ɗan Finlan, Veli Räsänen, ya gane cewa baƙo ne, ya sa masa suna Biatoropsis usnearum. Sai dai ya ajiye shi a rukunin da ba nasa ba. Fangas na da manyan rukunai biyu da suka shafe mu a nan: masu ajiye ƙwayar iri a cikin 'yar jaka, waɗanda su ne mafi yawan baƙin, da masu ɗora ta a kan 'yar sanda, wato dangin naman kaza. Räsänen ya sa shi cikin 'yan jaka. Sai da aka shekara sittin, a 1994, Diederich da wani ɗan Denmak mai suna Christiansen suka nuna cewa ɗan sanda ne. Shi ke nan an gama? Ina! A 2014 Ana Millanes ta Sifaniya da abokan aikinta suka duba DNA ɗinsa daga ƙasashe daban-daban, sai ga shi abin da ake kira da suna ɗaya tarin nau'o'i ne, kowanne da irin Usnea ɗin da ya fi so. Kama da wane ba ta wane. Binciken ya kuma nuna cewa ba wai kowane baƙo ya taso tare da mai masaukinsa tun kaka da kakanni ba ne. Sau da yawa tsallakawa wani ya yi zuwa sabon gida, ya saba da shi, zuri'arsa ta zama sabon nau'i. Shi ma Abrothallus na De Notaris, sai a 2014 DNA ta nuna gurbinsa a bishiyar dangantakar fangas, aka buɗe masa rukuni nasa na kansa, bayan kusan shekara 170 ana yawo da shi.

Sai kuma 2016, shekarar da maganar ta fita daga ɗakin bincike ta shiga jaridun duniya. A jihar Montana ta Amurka akwai laikin biyu masu kamar gashi da ke reto a bishiyoyi. Ɗaya ruwan ƙasa ne, 'yan asalin yankin sun daɗe suna dafa shi suna ci. Ɗayan yana da rawaya-rawaya kuma yana da dafi. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, da aka gwada, fangas ɗinsu iri ɗaya ne, gansakukarsu ma iri ɗaya. To daga ina bambancin? Toby Spribille da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science cewa sun gano wani yis a cikin fatar laikin ɗin, kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba a jikin mai dafin. Sun kuma same shi a wasu laikin da dama a nahiyoyi shida. Wane ne wannan yis? Ɗan dangin Cyphobasidium ne, wanda masu nazarin baƙi suka riga suka sani a matsayin mai haddasa kumburi a jikin wasu laikin. Wato wanda ake yi wa kallon baƙo, ta yiwu ɗan gida ne.

A nan sai mu taka a hankali, domin kafafen labarai sun yi saurin cewa an rushe ilimin shekara 150. Binciken da ya biyo baya ya samu laikin da yawa da ba a ga wannan yis a jikinsu ba, kuma har yanzu ana muhawara kan ko yana yi wa gidan wani aiki ne ko zama kawai yake. Abin da ya tabbata shi ne iyakar da ke tsakanin baƙo da ɗan gida ba ta fito sarai kamar yadda aka zata ba. A 2020 Hawksworth da Martin Grube na Ostiriya suka ba da shawarar a riƙa kallon laikin a matsayin wata 'yar unguwa mai riƙe da kanta, inda fangas guda ya yi gini, mai haɗa abinci na ciki, sannan ga sauran mazauna da ba a san adadinsu ba.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu da ɗigon da ke kan tabon da ke kan dutse? Ga inda ruwan yake. Laikin ba ya jure gurɓatacciyar iska. Tun 1866 Nylander, wancan mai taurin kan, ya lura da haka a wani lambu da ke tsakiyar Paris, kuma kafin ƙarshen ƙarnin laikin sun ɓace daga lambun saboda hayaƙin gawayin kwal. Akwai wani babban laikin mai kamar huhu, Lobaria pulmonaria, da ya ƙare a sassa da dama na Turai saboda hayaƙi da sare tsofaffin dazuzzuka, kuma yana da baƙi nasa na musamman. Duk inda ya tafi, da su ya tafi. Halittar da ta san gida ɗaya, ranar da aka rushe gidan ta gama yawo, ko an taɓa ba ta suna ko ba a taɓa ba.

Kuma mafi yawan abin da aka sani a wannan fage daga Turai da Arewacin Amurka aka tattaro shi, don can ne masu dubawar suke. Ƙasashe masu zafi, har da namu na Afirka, an yi musu bincike kaɗan ne ƙwarai. Jerin 2,319 ɗin nan hoton inda aka duba ne kawai. Ga ɗalibanmu masu karanta ilimin halittu da ke neman abin da za su yi bincike a kai, ga fage nan a buɗe. Kayan farawa ba su wuce ɗan madubin hannu mai ninka abu sau goma ba, da ambulan ɗin takarda, da rubuta wuri da rana da irin dutse ko itacen da aka samu abin a kai. Ku tuna, manyan wannan fage da likitan masu taɓin hankali da fada mai koyarwa a makaranta aka fara.

A nan za mu dasa aya. Wanda yake da sunan da ake kiran laikin da shi a garinsu, ko ya san wani amfani da ake yi da shi a gargajiyance, ya rubuto mana a ƙasa, muna son mu ji. Ku tura wa abokai masu sha'awar kimiyya da tarihi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.